Yadda Za Ka Gane Adadin Ƙwan da Ya Dace da Zuciyarka

A Kumasi da wuya mutum ya wuni a waje bai ci karo da ƙwai ba. Ana dafa shi a jera a faranti tare da barkono da albasa a tashoshin mota da kewayen kasuwar Kejetia, ana ɗora shi a kan waakye, wato shinkafa da wake, ana fasa shi cikin miyar kontomire, wato ganyen gwaza, masu shayi kuma a Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna soya shi tun bayan sallar asuba har dare ya raba. Shi ya sa idan likita ya ce wa magidanci kolestarol ɗinsa ya hau, abin da yake fara janye hannu daga gare shi ƙwai ne, sauran abincin kuwa ya bar shi yadda yake. A ganina wannan gyara ne da aka fara daga inda bai fi muhimmanci ba. Mafi yawan masu lafiya za su iya cin ƙwai ɗaya a kullum ba tare da fargaba ba, akwai kuma waɗanda ya kamata su rage, kuma ba a gane rukunin da mutum yake ciki sai an gwada jininsa, sannan an duba man da aka soya ƙwan da abin da aka haɗa shi da shi.

Kafin a kai ga lissafi, dole a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato kolestarol da yake cikin abinci da kolestarol da yake yawo cikin jini. Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi ake haɗa wasu sinadaran jiki da bitamin D da ruwan maɗaciya mai narkar da kitse. Mafi yawansa, kusan kashi uku cikin huɗu, jiki ne yake ƙera abinsa, musamman hanta, ragowar ne kawai yake shigowa ta baki. Idan wanda yake shigowa ta abinci ya ƙaru, hantar mafi yawan mutane tana rage nata aikin, shi ya sa ƙarin da ake gani a jini ba ya kai yawan abin da aka ci. A cikin jinin kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, wasu ƙunsoshi ne suke ɗauke da shi. Wanda ake kira LDL shi ne yake kutsawa cikin bangon jijiya idan ya yi yawa, ya taru a hankali tsawon shekaru har hanyar jinin ta ƙuntata, ranar da tarin ya fashe kuma jini ya daskare a wurin, sai a sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda ake kira HDL yana kwashe rarar ya mayar da ita hanta. Babban ƙwan kaza ɗaya yana ɗauke da kolestarol kimanin miligiram 186, dukkansa a cikin gwaiduwa, farin ƙwan ba shi da ko kaɗan. Yana kuma da furotin giram 6, da bitamin B12 da A da D, da kitse mai daskarewa kimanin giram ɗaya da rabi. A riƙe wannan adadi na ƙarshe, za a buƙace shi nan gaba.

Tsoron ƙwai yana da asali. A shekarar 1913 wani likita ɗan ƙasar Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya tarar jijiyoyinsu sun cika da maiƙo, ko da yake zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai san yadda zai yi da irin wannan cima ba. A 1968 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada a wuce miligiram 300 na kolestarol a rana, kada kuma a ci gwaiduwa fiye da uku a mako, shawarar da ta zagaye duniya, wadda har yau wasu suke maimaita ta kamar jiya aka ba da ita. Sai dai a 1999 masu bincike na Jami'ar Harvard, bayan sun bi diddigin mutum fiye da 100,000 na shekaru, ba su ga alaƙa tsakanin cin ƙwai har ɗaya a rana da ciwon zuciya ba, in ban da a cikin masu ciwon suga. A 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 daga ƙa'idojin abincinta, amma ta ci gaba da cewa a taƙaita. A 2018 wani babban bincike a ƙasar Sin, kan mutum kusan rabin miliyan, ya nuna masu cin ƙwai kusan kullum sun fi waɗanda ba sa ci ƙarancin ciwon zuciya. Shekara guda bayan haka, wani binciken a Amurka kan mutum kusan 30,000 ya nuna akasin hakan, inda kowane ƙarin rabin ƙwai a rana ya zo da ƙarin haɗari na kashi 6 cikin 100.

Mai karatu zai iya cewa to ai masanan ma ba su daidaita ba, kuma yana da hujja. Amma dalilin saɓanin shi ne darasin da ya fi amfani a gare mu. Irin waɗannan bincike tambayar mutane ake yi abin da suke ci, sannan a zuba ido a ga abin da zai same su, ƙwai kuwa ba a cin sa shi kaɗai. Ba'amurke yakan ci nasa da soyayyen nama mai kitse da bota da farin burodi, Basine kuma da shinkafa da ganye, kuma sau da yawa ƙwan ne mafi gina jiki a kwanonsa. Saboda haka ne ƙungiyar nan ta Amurka, a bayanin da ta fitar a ƙarshen 2019, ta ce mai lafiya zai iya cin ƙwai ɗaya a rana, dattijon da kolestarol ɗinsa yake daidai ma har biyu, muddin sauran abincinsa mai kyau ne.

Matakin farko ke nan shi ne gwajin jini, domin hawan kolestarol ba ya ciwo, ba ya sa jiri, kuma siriri ma yana iya samunsa. Ana rubuta sunan gwajin Lipid Profile a takardar likita, ana kuma yin sa a ɗakunan gwaji na manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda jama'a suka fi sani da Gee, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu da suke cikin gari. Yawanci ana buƙatar mutum ya kwana bai ci komai ba sai ruwa, awa 9 zuwa 12, don haka ya fi sauƙi a je da sassafe kafin a karya kumallo. Idan sakamakon ya fito, kada ka tsaya a lambar farko ta jimilla. A Gana an fi rubuta shi da ma'aunin mmol/L, kuma abin da ake so ga mai lafiya shi ne jimillar ta kasance ƙasa da 5.2, LDL ƙasa da 3.0 ko ma 2.6, HDL sama da 1.0 ga namiji da 1.3 ga mace, wani maiƙon kuma da ake kira tiragilisarid ƙasa da 1.7. Idan takardarka da mg/dL aka rubuta ta, 200 shi ne daidai da 5.2, 100 kuma daidai da 2.6. Tun da ka riga ka je, ka nemi a auna maka hawan jini da suga a rana ɗaya, saboda hukuncin da za a yanke kan ƙwai ya dogara da su ma. Wanda komai nasa ya fito daidai zai iya sake gwajin bayan shekara huɗu zuwa shida, wanda kuwa yake da wata larura likitansa ne zai sa masa lokaci.

Da sakamakon a hannu, sai ka nemi rukuninka. Idan LDL ɗinka daidai yake, ba ka da ciwon suga, ba ka taɓa samun matsalar zuciya ko shanyewar jiki ba, to ƙwai ɗaya a rana, wato bakwai a mako, ba abin damuwa ba ne, kuma ba laifi ka ci biyu yau gobe ka huta. Yara da mata masu juna biyu ma suna cikin waɗanda ƙwai ya fi amfana, duk da tsohon camfin nan da ke cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke, maganar da ba ta da tushe, wadda ta hana yara da yawa abinci mai gina jiki kuma mai sauƙin kuɗi.

Mai ciwon suga lamarinsa ya fi buƙatar natsuwa, domin jijiyoyinsa sun riga sun fi na sauran mutane saurin lalacewa, kuma a cikin irinsu ne wasu binciken suka ga ƙarin haɗari. Gidauniyar kula da zuciya ta Ostareliya, wadda ta cire iyaka ga masu lafiya a 2019, ta bar wa masu ciwon suga da masu hawan LDL iyakar bakwai a mako. Ni dai ina ganin wanda ya haɗa biyu, suga da hawan LDL, ko wanda ya taɓa kwanciya saboda zuciya, gara ya tsaya ƙasa da haka, ya kuma sa likitansa ya faɗa masa adadi ƙarara maimakon ya ce masa kawai a rage. Akwai kuma rukuni na musamman da ba a cika maganarsa ba, wato masu gadon hawan kolestarol, kimanin mutum ɗaya cikin 250 a duniya. Alamarsu ita ce LDL da ya kai 4.9 ko ya wuce, tare da tarihin uba ko ɗan'uwa da ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65. Irin wannan ko ya daina cin ƙwai har abada LDL ɗinsa ba zai sauka yadda ake so ba sai da magani, kuma wajibi ne a gwada 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini.

Bayan ka san adadinka, sai ka koyi ƙirga shi da gaskiya. Ƙwan da aka fasa cikin taliyar Indomie da dare yana cikin lissafi, haka na cikin kek da fanke da miyar ƙwai da ake ci da doya. Idan ana dafa miyar gida da ƙwai shida mutum shida suka ci, rabonka ɗaya ne. Ƙwan zabi da ake kawowa daga arewa da damina ya fi na kaza ƙanƙanta, a ɗauke shi kusan ɗaya da shi. Ƙwan agwagwa kuwa ɗaya yana da kolestarol fiye da miligiram 600, wato ya haura na kaza uku. Ƙwan salwa, wanda aka taɓa yayin tallarsa a matsayin maganin kowace cuta, kowane ɗaya yana da kimanin miligiram 75, don haka biyar sun kai na kaza biyu. Launin ɓawo, fari ko ja, ba ya canza komai. Sannan ƙwai ba shi kaɗai yake kawo kolestarol ba: hanta da ƙoda suna da shi da yawa, ƙwaƙwalwar dabba kuwa ta fi kowane abinci, abin da ya kamata a tuna a kwanakin layya da ranar da aka dafa kai da ƙafa. Wanda aka taƙaita wa gwaiduwa yana da hanya mai sauƙi, ya fasa ƙwai biyu ya cire gwaiduwar ɗaya, ya kaɗa sauran da albasa da tumatir, ba zai ji bambanci sosai a baki ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Abin da ya fi ɗaga LDL a jini shi ne kitse mai daskarewa, domin yana rage wa hanta ƙarfin janye LDL daga jini, kuma tasirinsa ya fi na kolestarol ɗin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abinci, wanda ga matsakaicin baligi ya kama kimanin giram 22 a rana. Cokalin cin abinci ɗaya na manja yana da kusan giram 7, haka na man shanu, na man kwakwa ya haura 11, na man gyaɗa kuwa bai kai 3 ba. Ke nan cokali ɗaya na manja ya fi ƙwai huɗu kitse mai daskarewa. Ka tsaya wata safiya gaban teburin mai shayi ka lura da yadda ake yi: zai tsiyaya mai har ya rufe gindin kaskon, ya juye ƙwai biyu da aka kaɗa da dunƙulen magi, kafin ya gama soyuwa ya tsaga burodi ya shafe shi da bota ciki da bai, ya kifa shi a kan ƙwan ya danna da bayan cokali har burodin ya tsotse ragowar man, sannan ya miƙo da kofin shayi mai madarar gwangwani da suga cokali uku. A wannan karin kumallo ƙwan ne mafi ƙarancin laifi. Ba sai ka ƙaurace wa teburin ba, ya isa ka ce, "Malam, a soya mini ɗaya, a rage mai, kada a shafa bota," kuma mai shayin da ya san ka ba zai ƙi ba, tun da shi ma man da kuɗi yake saye.

A gida ka fifita dafaffen ƙwai a kan soyayye, domin ba ya buƙatar mai ko ɗigo. Idan za a soya, a auna mai da ƙaramin cokali maimakon a tsiyaya daga galan, a yi amfani da man gyaɗa ko na waken soya, kada kuma a riƙa maimaita man da ya riga ya yi baƙi. Rubutun da ake gani a jikin galan cewa babu kolestarol a cikin man gaskiya ne, amma bai kamata ya ruɗi kowa ba, saboda babu wani man tsiro da yake da kolestarol tun asali, har manja da man kwakwa. Abin da za a duba a jikin galan shi ne daga me aka tatso man da yawan kitsensa mai daskarewa, domin da yawa daga man girki mai ruwan zinariya da ake sayarwa a kasuwanninmu tataccen manja ne. Ba ina cewa a kori manja daga madafa ba, miyar kontomire ba ta yiwuwa sai da shi, amma akwai tazara tsakanin miyar da aka sa wa cokali biyu da wadda mai yake iyo a kanta. Ɗanyen ƙwai da wasu suke kaɗawa da madara da lemon malt wai don ƙarin jini bai fi dafaffe amfani ba, ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi.

Sai abokan tafiyar ƙwan a cikin kwano. Wake da kuɓewa da gauta da ayoyo da hatsin da ba a surfe ba, irin su gero da dawa, suna ɗauke da faiba, wato ɓangaren abincin tsiro da hanji ba ya narkarwa, kuma nau'inta mai narkewa a ruwa tana kama ruwan maɗaciya a hanji ta fita da shi, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini don ta haɗa wani. Ta wannan fuska abincinmu na zango yana da kyau tun asali. Waakye da ƙwai ɗaya da ganyen salak abinci ne da ba a kushe shi, matsalar tana farawa ne idan aka ƙara taliya da garin rogo mai mai, da soyayyen nama, da ganda, da shito, wato soyayyen barkono mai mai, cokali uku a kwano ɗaya. Ka zaɓi ɗaya tsakanin ƙwai da nama a kowane ci, idan kuma ƙwan ya maye gurbin tsiren da ke ɗigar kitse ko naman gwangwani ko sosej, to riba aka ci. Kifi irin su sadin da makarel sau biyu a mako ya fi su duka amfani ga zuciya. Kada kuma a manta da gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin magi da busasshen kifi mai gishiri. A ƙasashenmu hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, don haka mutumin da ya bar ƙwai amma bai san lambar hawan jininsa ba, ko yana shan taba, bai taɓa babbar matsalar ba tukuna.

Jikin mutane ya bambanta wajen karɓar kolestarol na abinci, akwai waɗanda LDL ɗinsu yake tashi sosai da gwaiduwa, akwai waɗanda ko gezau, kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Hanyar gane naka a buɗe take. Idan gwajin farko ya nuna LDL ya ɗan hau, ka fara da gyaran mai da kitsen nama da bota, ka bar ƙwan yadda yake muddin bai wuce ɗaya a rana ba, ka ƙara tafiyar ƙafa ta minti 30 a mafi yawan ranakun mako, sannan ka sake gwaji bayan wata biyu zuwa uku, zai fi kyau a ɗakin gwajin da ka yi na farko. Idan ya sauka, ka gano inda matsalar take. Idan bai sauka ba, sai ka rage gwaiduwa zuwa biyu ko uku a mako na wasu watanni uku ka sake aunawa, ka kai wa likita takardun duka ya kwatanta. Kada a yi gwajin a makon babbar sallah ko lokacin da ake fama da zazzaɓi, domin sakamakon ba zai nuna halin da jiki yake ciki a kullum ba. Wanda kuma aka riga aka ɗora a kan magani irin su atorvastatin ko simvastatin, kada ya ajiye shi don ya daina cin ƙwai ko don lambar ta sauka, saboda maganin ne ya saukar da ita, kuma tana komawa inda take cikin 'yan makonni idan aka daina sha. Idan maganin yana sa shi ciwon tsoka, ya koma wa likitan ya faɗa masa, akwai damar a rage masa adadin ko a canza masa wani.